Jifa, suka, da kalmar mashi

A zauren kakana a Dungas akwai wani tsohon mashi da aka soke a rufi. Muna yara mun ɗauka na kashin maciji ne. Sai bara da na je hutu na sauko da shi, na ji ba shi da nauyi ko kaɗan, gorar siririya, tsawonsa bai kai tsayina ba. Tsoho ya ce, "Kai yaro, wannan ai na jifa ne, ba a tsayawa suka da shi."

Maganar ta tsaya mini, don a lakwal an koya mana kalmomi uku na Faransanci, javelot da lance da pique, mu kuwa duk mashi muke cewa. Har wani abokina ya ce wai wannan talaucin Hausa ne. Ban yarda ba. Muna da asigiri, mashin da ƙarfe ne tun daga tsini har gindi, irin na Buzaye. Muna da kasausawa, babba mai faɗin baki. Sannan inda Bafaranshe ya bambanta da suna, Bahaushe da aikatau yake yi: jifa daban, suka daban, harbi kuma na baka ne da bindiga. (Ku lura, jam'in mashi "masu" ne, a rubuce ɗaya da "masu" na masu doki. Tsawon wasali da karin sauti ne kaɗai suka raba su, rubutunmu kuma ba ya nuna ko ɗaya.)

To, mene ne ribar jifa? Kana samun abokin gaba kafin ya iso gare ka. Hasararsa kuwa, da zarar ya bar hannunka ya zama na kowa, har wanda ka jefa yana iya ɗauka ya maido maka. Shi ya sa barde kan riƙe biyu ko uku, ya watsa su, sannan ya zare takobi. Haka sojan Rum ke yi da nasu, pilum, kafin a gwamtse. Shaka na Zulu kuwa ya fi son gajeren mashin suka wanda ba a saki. Kuma gaban ɗan lifidi, wanda shi da dokinsa ke lulluɓe da auduga ɗinkakkiya, mashin jifa bai cika yin tasiri ba. Sai na suka, da nauyin doki a bayansa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne na ukun, dogon nan na mita 5 zuwa 6 da mutanen Iskandar na Makidoniya suka riƙe, daga baya ƴan Suwis. Ga dawaki birjik a ƙasarmu, me ya sa ba mu yi shi ba? A ganina, makami ne da ba ya aiki a hannun mutum ɗaya. Sai ɗaruruwan dakaru sun jeru kafaɗa da kafaɗa, sun daɗe suna atisaye. Dakarunmu manoma ne da ake kira da rani. Maganin doki a wurinsu ganuwa ce da kibiya mai dafin kwankwani. A Tabkin Kwatto, 1804, ƴan baka ne na jama'ar Shehu suka karya dawakin Gobir.

Nan wajenmu, Dungas tana cikin ƙasashen Sosebaki tare da Waca da Mirriya, waɗanda Damagaram ta mamaye a ƙarni na 19. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, bindigogi ya tara, har aka zuba masa igwa a Zinder. Duk da haka mashi bai fita daga hannun barade ba, don ɗura bindigar gargajiya na cin lokaci, doki kuma ba ya jira. A Tirmini ne, ƙarshen Yuli 1899, rundunar Amadu Kuran Daga ta gamu da bindigar Faransa mai saurin ɗuri, wadda ke kashewa daga nisan da hannu ba ya kai jifa.

Na tambayi tsoho ko na zauren ya je Tirmini. Ya yi dariya, ya ce shi dai a hannun babansa ya gan shi, ranar hawan salla, sannan ya ce in maida shi inda na ɗauko.