Gangara da Mahaɗar Miƙaƙƙen Layi

A ilimin aljebra, da abubuwa biyu ake gane miƙaƙƙen layi: gangararsa, wato yadda yake hawa ko sauka, da mahaɗarsa, wato wuraren da ya ratsa ginshiƙin x da na y. Dabarar bayyana layi da lissafi ta bunƙasa ne bayan aikin da masanin Faransa René Descartes ya wallafa a 1637.

Sigar da aka fi sani ita ce y = mx + c. A nan m ce gangara, c kuma mahaɗar y.

Idan lissafin ya zo da wata siga, sai a juya shi. A 2x + 3y = 6, in aka ba x darajar 0, y za ta zama 2. In kuma y ce 0, x za ta zama 3. Ke nan layin ya bi ta (0, 2) da (3, 0). Idan aka ware y ita kaɗai, za a samu y = −⅔x + 2. Wannan gangara ta nuna cewa duk taku 3 zuwa dama, layin yana sauka taku 2.

Ma'aunin zafi ma a kan wannan ƙa'ida yake tafiya. A F = 1.8C + 32, ƙarin digiri 1 na Celsius yana jawo ƙarin 1.8 na Fahrenheit, mahaɗar 32 kuwa ita ce inda ruwa ke daskarewa.

Layin da ke kwance gangararsa 0 ce. Wanda ke tsaye cak, kamar x = 4, ba a iya ƙayyade gangararsa, domin ana samun gangara ne ta hanyar raba takun hawa ko sauka da takun zuwa dama, wanda a nan sifili ne, kuma ba a raba lamba da sifili.