Sayar da Bijimi, Sayen Maruƙa: Labarin Wani Ciniki a Ƙwallon Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, amma ya bambanta da wanda muka saba gani. Ƙwallon nasu dogo ne, mai siffar ƙwai, kuma yawancin aikin da hannu ake yi. Mutum goma sha ɗaya ke tsayawa a kowane gefe, a fili mai tsawon yadi 100. Masu kai hari su kan jefa ƙwallo ko su ruga da shi, abokan gaba kuwa su tare su, su ka da su ƙasa. Wasan sana'a ce babba, ana biyan 'yan wasa albashi mai yawa, kuma manyan ƙungiyoyi suna ƙarƙashin hukuma guda wadda ake kira NFL. A ƙarshen kowace kakar wasa, ƙungiyoyi biyu da suka fi kowa su kan kara a wasan cin kofi mai suna Super Bowl.

Labarin da za mu ba da a nan na wani ciniki ne da aka yi a shekarar 1989 tsakanin ƙungiyar birnin Dalas da ta jihar Minisota. Ranar da aka ƙulla shi, jama'a da yawa suka yanke hukunci nan take, suka ce wane ya ci riba, wane ya faɗi. Ba a yi shekara huɗu ba sai da hukuncin nan ya juye. To, amma kafin mai karatu ya gane abin da aka saya da abin da aka sayar, wajibi ne mu fara bayyana yadda ƙungiyoyin nan ke samun sababbin 'yan wasa.

Asalin Zaɓen 'Yan Wasa

A da, duk saurayin da ya yi suna a wasan makaranta, ƙungiyar da ta fi kuɗi ita ke ɗauke shi. Saboda haka mai ƙarfi ya yi ta ƙara ƙarfi, rarrauna kuwa ya yi ta lalacewa, har 'yan kallo suka fara ƙaurace wa filayen ƙananan ƙungiyoyi. Wani mutum mai suna Bert Bell, wanda ke da ƙungiyar Eagles ta Filadelfiya, shi ne ya kawo shawara a 1935. Ya ce a riƙa jera sunayen samarin da suka gama jami'a, kowace ƙungiya ta ɗauki ɗaya bi da bi, amma wadda ta zo ta ƙarshe a bara ita ce za ta fara zaɓe. Aka karɓi shawararsa. Ran 8 ga Fabrairu, 1936, ƙungiyoyi tara suka zauna a wani otal a Filadelfiya suka yi zaɓen farko. Abin dariya, saurayin da aka fara ɗauka, Jay Berwanger na Jami'ar Shikago, bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NFL ba, domin ba a daidaita da shi kan albashi ba, ya kama wata sana'a.

In kowace ƙungiya ta ɗauki mutum ɗaya, an yi zagaye guda ke nan, sai a koma daga farko. A 1989 ƙungiyoyi 28 ne, zagaye kuwa 12. Yanzu ƙungiyoyi 32 ne, zagaye 7. Muhimmin abin da za a riƙe shi ne wannan: gurbin da ƙungiya take da shi a layin zaɓe dukiya ce. Tana iya ba da shi a karɓi ɗan wasa, tana iya musanya shi da wani gurbi, har ma tana iya sayar da gurbin baɗi ko na baɗin baɗaɗa. Sai dai dukiya ce da ido ba ya gani, kamar ɗan da ke cikin saniya. Ba wanda ya san ko abin da za a haifa zai yi kyau.

Dalas Ta Faɗi

Ƙungiyar Dalas, a jihar Teksas, sunanta Cowboys, watau makiyayan shanu. An kafa ta a 1960, kuma tun daga ran nan mutum ɗaya ne ke horar da ita, Tom Landry. A hannunsa ta ci kofi sau biyu, ta kuma yi shekara 20 a jere, daga 1966 zuwa 1985, nasararta na rinjayar faɗuwarta. Daga baya manyan 'yan wasanta suka tsufa, ba a sami madadinsu ba. A 1988, cikin wasa 16, uku kaɗai ta ci.

A watan Fabrairu na 1989 wani attajirin man fetur mai suna Jerry Jones ya sayi ƙungiyar. Abu na farko da ya yi shi ne sallamar Landry, bayan shekara 29 yana aiki. Ya kawo Jimmy Johnson daga Jami'ar Mayami, wanda suka yi wasa tare tun suna ɗalibai a Jami'ar Arkansas. Mutanen Dalas suka ji zafin wannan ƙwarai, gama suna ganin Landry tamkar uba. Da yake ƙungiyar ce ta ƙarshe a bara, ita ta fara zaɓe a watan Afrilu, ta ɗauki Troy Aikman, mai jefa ƙwallo, watau jagoran masu kai hari. Amma yaro ne sabon shiga. Da aka fara kakar 1989, aka ci Dalas wasa biyar a jere.

A cikin wannan duhu, tauraro ɗaya ne ya rage musu, Herschel Walker, mai gudu da ƙwallo. Ƙato ne, ga ƙarfi ga sauri. Tun yana Jami'ar Jojiya ya karɓi lambar gwarzon ɗalibai a 1982, kuma a 1988 ya yi gudun yadi 1,514 da ƙwallo. Duk wanda ya biya kuɗin shiga filin Dalas a lokacin, don ya ga Walker ya biya.

Cinikin 12 ga Oktoba

Johnson ya dubi al'amarin ta wata fuska. Ya ga cewa da Walker ɗin ma cin su ake yi, kuma kafin ya tara mutanen da za su taya shi, shi kansa ya tsufa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai ya ƙudura sayar da shi.

A can arewa kuwa, ƙungiyar Vikings ta Minisota tana da nata lissafi. Ta je wasan ƙarshe sau huɗu a baya, duka aka ka da ita. A 1989 tana da ƙaƙƙarfan masu tsaron baya, kuma manajanta Mike Lynn ya gaskata cewa mai gudu guda ɗaya tak ya rage mata ta ɗauki kofi. Saboda haka ran 12 ga Oktoba, 1989, aka ƙulla ciniki. In aka haɗa 'yan wasa da guraben zaɓe da suka sauya hannu, sun kai 18, kuma ba a taɓa yin irinsa ba a tarihin NFL.

Minisota ta ɗauki Walker. Dalas ta karɓi 'yan wasa biyar da waɗansu guraben zaɓe. Amma akwai wani sharaɗi a takardar, wanda yawancin mutane ba su kula da shi ba. An ɗaura wa kowane ɗaya daga cikin mutum biyar ɗin gurbin zaɓe: in Dalas ta sallame shi kafin 1 ga Fabrairu, 1990, to Minisota za ta biya ta da wannan gurbi. Lynn ya ɗauka cewa ƙungiyar da ke fama da ƙarancin mutane ba za ta kori waɗanda ta samu ba. Johnson kuwa tun farko ba mutanen yake so ba, guraben yake hange.

Abin da Magoya Baya Suka Ce

Da labari ya bazu, Dalas ta ɗauki zafi. A gidajen abinci, da wuraren aiki, da shirye-shiryen rediyo inda jama'a ke buga waya, ba a maganar komai sai wannan. Mafi yawa suka ce an cuce su. Hujjarsu ita ce, Walker an san shi, an ga aikinsa, amma gurbin zaɓe takarda ce kawai. Sau nawa aka ɗauki yaro a zagayen farko ya zo ya kasa? Ga kuma mutumin da ya yi cinikin, bai ci wasa ko ɗaya a NFL ba tukuna. Waɗansu marubutan jaridun garin ma suka bi wannan ra'ayi, suka yi wa Jones da Johnson tatas. 'Yan kaɗan ne suka ce a yi haƙuri, wanda gidansa ya rushe ba ya gyara shi da ado. Shi Johnson ya gaya wa 'yan jarida cewa fashi ne babba ya yi, aka yi masa dariya.

A Minisota kuwa sai murna, abin nema ya samu. Bayan kwana uku Walker ya fito wasansa na farko, da ƙungiyar Packers, ya yi gudun yadi 148. Akwai inda takalminsa ɗaya ya cire, ya ci gaba da gudu a haka, fili ya ɗauki sowa. Daren nan duk wanda ya ce Minisota ta yi kuskure, da an ce ba shi da hankali. Dalas ta ƙare shekarar da nasara ɗaya, faɗuwa 15.

Yadda Abin Ya Juye

Da wa'adi ya matso, Johnson ya sanar da Lynn cewa zai cika sharaɗin. Suka sake daidaitawa, Dalas ta riƙe uku daga cikin mutanen, ta kuma karɓi guraben. A ƙarshe ta tashi da guraben Minisota takwas: uku a zagayen farko, na 1990 da 1991 da 1992, uku a zagaye na biyu, ɗaya a na uku, ɗaya a na shida.

Sa'an nan aikin gaske ya fara, domin samun gurbi daban, iya amfani da shi daban. Johnson bai zauna yana jira layi ya zo kansa ba. Ya yi ta juya guraben kamar ɗan kasuwa, ya ba da biyu ya hau sama, ya ba da ɗaya ya sauko ya karɓi uku. A 1990 ya haɗa gurbi na 21 da wani ƙarami, ya karɓi na 17 daga ƙungiyar Pitsbag, ya ɗauki Emmitt Smith na Jami'ar Fulorida. Masu duba 'yan wasa da yawa sun ce Smith gajere ne, ba shi da sauri. Shi kansa Johnson mai tsaron baya ya so ɗauka, aka riga shi, don haka har da sa'a a ciki. Ta wannan hanya kuma aka samo Russell Maryland a 1991, da Kevin Smith da Darren Woodson a 1992, dukansu masu tsaron baya. Don sauƙaƙa irin wannan ciniki, wani abokin hannun jarin Jones mai suna Mike McCoy ya tsara jadawali, ya sa wa kowane gurbi maki, na farko 3,000, sauran suna raguwa. Daga baya ƙungiyoyi da yawa suka kwaikwayi wannan jadawali.

Amfani ya fara fitowa sannu a hankali. Dalas ta ci wasa 7 a 1990, ta ci 11 a 1991, ta ci 13 a 1992. Ran 31 ga Janairu, 1993, ta ka da ƙungiyar Bills ta Bafalo da ci 52 da 17, ta ɗauki kofi. A Janairun 1994 ta sake ka da ita 30 da 13. A Janairun 1996 ta ci na uku a kan Pitsbag, 27 da 17. Emmitt Smith ɗin nan da aka raina, kafin ya bar wasa sai da ya yi gudun yadi 18,355, ya wuce duk wanda ya gabace shi.

Minisota fa? A ƙarshen kakar 1989 ta shiga wasannin neman kofi, ƙungiyar San Faransisko ta fitar da ita 41 da 13. Salon wasanta bai dace da irin gudun Walker ba, bai taɓa cika yadi 1,000 a shekara ɗaya a can ba. A 1990 ta ci wasa 6, a 1991 ta ci 8, ga shi kuma ba ta da manyan guraben da za ta gyara kanta. Waɗanda suka yi sowa su ne suka koma zargi. A 1992 aka sallami Walker. Bai kamata a ɗora masa laifi ba, gama ba shi ya yanka wa kansa farashi ba. Abin mamaki, a 1996 ya sake komawa Dalas.

Abin Lura

Kada mai karatu ya ɗauka cewa magoya bayan Dalas wawaye ne. Abin da idonsu ya gani suka faɗa, kuma gaskiya ne cewa yawancin guraben zaɓe ba sa haifar da gwarzo. Da Johnson bai iya zaɓe ba, da yau ana ambaton sunansa a cikin waɗanda suka ɓarnatar da dukiya. Bambancin shi ne, ɗan kallo yana lissafin ranar Lahadi mai zuwa, wanda aka ba amanar gini kuwa dole ya yi lissafin shekara uku, ya kuma jure zagi kafin su cika. Lynn shi ma ya yi lissafi, amma ya zuba dukiyar shekara uku a kan mutum ɗaya. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, tsalle dubu ba ya fitar da shi.

Akwai kuma saura. A watan Maris na 1994, bayan kofi na biyu, Jones da Johnson suka rabu, kuma babban abin da ya raba su shi ne gardama kan wanda ya cancanci yabo. Mutanen da Johnson ya tara sun ci kofi na uku a hannun wani mai horarwa, Barry Switzer. Daga nan Dalas ta yi fiye da shekara 25 ba ta sake zuwa wasan ƙarshe ba. Abin da haƙuri ya tara, girman kai ya watsa shi.

Har wa yau, duk watan Afrilu in lokacin zaɓe ya zo, magoya baya a Amurka su kan rabu biyu, masu cewa a sayi gwani yanzu, da masu cewa a tara guraben gobe. In gardama ta yi tsawo, da wuya a tashi ba a ambaci cinikin Herschel Walker ba.