Rafin Iku: Ruwan Da Ya Raini Abuja Ta Asali

'Yan uwa Zage-zagi na gida da na nesa, in aka tashi ba da tarihin garinmu, yawanci daga sarakuna ake farawa, a zo kan ganuwa, a ƙare da Dutsen Zuma. Ba kasafai ake ambaton Rafin Iku ba, alhali kuwa a gefensa aka kafa garin.

Lokacin da jihadi ya iso Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya fito da jama'arsa ya yo kudu, ya sauka Zuba a ƙasar Koro. Bai samu zama ba, shekarunsa sun ƙare ne a fagen fama, har ya rasu a yaƙin Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, kuma shi ya kafa sabon gari a 1828, aka sa masa suna Abuja. Mutumin da maƙiya ke bin sawunsa ba ya zaɓar mazauni da ka. Abu Ja ya nemi inda duwatsu za su tsare masa baya, ga kuma ruwan da mutane da dawaki za su sha ko da an yi wa gari ƙawanya. Ya samu duka biyun a gindin duwatsun Abuci, a bakin Iku. Tun daga ranar har zuwan Turawa a 1902, rundunar Zariya ba ta taɓa cin garin nan ba. Ana yaba wa jarumtar mazan jiya, kuma sun cancanta, amma a ganina wurin da aka zaɓa ma ya yi nasa yaƙin.

Rafin yana da gefensa mai ban tsoro. Inda ruwan ke kwararowa daga kan duwatsu, can ne Mayanka, kuma sunan kaɗai ya isa bayani: a nan ake zartar da hukuncin kisa kan waɗanda shari'ar sarki ta yanke wa a zamanin da. Yau matasa na zuwa shan iska da ɗaukar hoto, da yawansu ba su taɓa tsayawa sun tambayi dalilin sunan ba.

Sai kuma zancen tukwane, wanda shi ya kai sunan Abuja ƙasashen waje tun kafin a yi mafarkin babban birnin tarayya. Wani Baturen Ingila maginin tukwane, Michael Cardew, ya zagaya Arewa yana neman inda za a kafa makarantar koyar da ginin tukwane na zamani. Abuja ta burge shi saboda akwai yumɓu da itacen gashi da ruwa, ga Sarki Sulaimanu Barau mai son sana'ar, wanda ya tara tukwanen matan Gwari a fadarsa. A bakin Iku aka gina makarantar, ta fara aiki a 1952. A 1954 Ladi Kwali ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin. Daga nan tukwanenta suka kai Landan, ita kanta ta je Turai da Amurka tana nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984. Duk wanda ya juya bayan takardar naira ashirin zai gan ta tana gini. Wato hoton da ke aljihun kowane ɗan Najeriya, tushensa bakin rafinmu ne.

To yaushe muka juya masa baya? A 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni, aka ɗauki sunan Abuja aka ba shi tare da yanki mai yawa na ƙasar masarauta, tsohon gari ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu. Ma'aikatan farko na hukumar gina birnin a nan suka fara zama. Bayan gwamnati ta tare a 1991, sai duk wanda hayar Abuja ta fi ƙarfinsa ya nufo Suleja. Gari ya cika ya batse, aka yanka filaye har cikin fadama, gidaje suka bai wa rafi baya, magudanan ƙazanta da bola da leda suka fuskance shi. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. Ambaliyar watan Yulin 2017 da ta Yulin 2020 sun ci rayuka a garin nan, sun rushe gidaje, kuma waɗanda ke kusa da rafuka su abin ya fi shafa.

Wasu garuruwan sun sha irin wannan, kowa da maganin da ya zaɓa. A Kano an zuba wa Jakara kankare, an shimfiɗa titi a kanta, rafin da tarihin Kano ya ambata tun zamanin Barbushe. Mutanen Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, akasin haka suka yi. Rafinsu Cheonggyecheon ya shekara da shekaru a binne ƙarƙashin titi da gadar sama, sai a 2003 suka rushe gadar, suka tone shi, a 2005 aka buɗe shi da hanyar tafiya a ƙafa, inda iyaye ke kai yara da yamma. Ba mu da kuɗin Koriya, wannan ba sai an faɗa ba. Amma mu namu rafin ba a binne yake ba, aikinmu bai kai nasu ba.

Abin da Iku ke bukata na farko shi ne a daina zuba masa shara, a kuma hana sabon gini a gaɓarsa, wanda aikin ƙaramar hukuma ne da gwamnatin jiha da masu unguwanni. Bayan haka sai 'yar hanyar ƙafa ta jar ƙasa, da itatuwan inuwa, da benci nan da can don tsofaffi, da shinge a wuraren da ke da santsi ko zurfi saboda yara, musamman wajen Mayanka da damina. A kafa alluna da Hausa da Gwari da Turanci: ɗaya kan Abu Ja da 1828, ɗaya a tsohuwar makarantar Ladi Kwali, wadda ita ma ta daɗe tana jiran gyara, ɗaya a Mayanka. Malamin firamare zai iya kwaso ajinsa da safe ya bi da su allo bayan allo, su koma makaranta kafin azahar.