Sunan da Ake Karantawa Sau Biyu

Yayata ta yi shekara goma sha ɗaya a ɗakin miji ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. Ta sha saiƙo, ta sha rubutu, ta sha habaicin dangin miji, har ranar da ita da mai gidanta suka sayar da filin da suka tanada, suka nufi wata cibiyar dashen ƙwan haihuwa. Ni na raka ta. Abin da ya tsaya mini a rai ranar da za a ciri ƙwayayenta shi ne wata 'yar al'ada: ma'aikaciya ta karanta sunan Yaya da ranar haihuwarta da ƙarfi, wata ta biyu ta duba takardar da ke jikin kwanon gwaji ta maimaita, sannan dukansu suka sa hannu. Na ce mata a hankali, "Yaya, waɗannan mutanen kurame ne?" Ta yi murmushi ba ta amsa ba. Neman amsar wannan tambaya ne ya kai ni ga tarihin da zan ba da.

Labarin ya faro ne a Oldham, wani gari a arewacin Ingila. Daga shekarar 1969 likitan mata Patrick Steptoe da masanin halitta Robert Edwards da ma'aikaciyar jinya Jean Purdy suka duƙufa wajen haɗa ƙwan mace da maniyyin namiji a ɗakin gwaji, sannan a mayar da ɗan tayin cikin mahaifa. Ranar 25 ga Yuli, 1978, aka haifi Louise Brown, duniya ta ɗauka. Amma kundayen da Purdy ta riƙa cikawa sun nuna cewa mata 282 ne suka miƙa jikinsu ga wannan gwaji, biyu kaɗai suka rungumi jariri mai rai. Edwards ya karɓi kyautar Nobel a 2010. Sauran matan kuwa sun koma gida hannu rabbana, kuma a zamaninsu babu wata hukuma da aka ɗora wa alhakin kula da irin wannan aiki.

Dokar ta biyo baya ne da tafiyar hawainiya. Kwamitin da Mary Warnock ta jagoranta ya miƙa rahotonsa a 1984, majalisar Birtaniya ta yi doka a 1990, sannan a 1991 hukumar HFEA ta fara ba cibiyoyi lasisi tana kai musu ziyarar bincike. Shekara goma sha uku ke nan tsakanin jaririyar farko da mai sa ido na farko da doka ta kafa.

Ko da hukumar ta kafu, ba ta hana ɓarna ba. A 2002 aka gano cewa a wani babban asibiti da ke birnin Leeds an haɗa ƙwan wata mata da maniyyin mutumin da ba mijinta ba. Ita da mijinta farare ne, tagwayen da ta haifa kuma ruwa biyu, launin fatarsu ne ya tona kuskuren. A 2003 kotu ta yanke cewa mai maniyyin shi ne uban yaran a shari'ance, ko da yake sun ci gaba da zama a hannun mahaifiyarsu da mijinta. Binciken da Farfesa Brian Toft ya gabatar a 2004 ya ɗora laifin a kan raunin tsarin aiki gaba ɗaya, kuma bayan wannan lamari aka tsaurara ƙa'idar cewa duk lokacin da za a taɓa ƙwai ko maniyyi ko ɗan tayi, sai mutum na biyu ya shaida. A nan na gane abin da na gani a ɗakin Yaya. Ga mu da muka ɗauki nasaba da nauyi, wadda gado da aure da muharramaka suka rataya a kanta, wannan maimaita suna shi ne katangar da ke tsakanin gida da rushewarsa.

Darasi na biyu daga Amurka ya zo. Ana ajiye ƙwayaye da 'yan tayi ne a cikin tankin ruwan naitrojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri. A farkon Maris na 2018, wani tanki a cibiyar asibitin University Hospitals da ke kusa da Cleveland ya ɗumama a ƙarshen mako, ƙararrawar da ya kamata ta sanar da ma'aikata daga nesa kuma a kashe take. Ƙwayaye da 'yan tayi sama da 4,000 na iyalai kusan 950 suka lalace. Cikinsu har da na matan da suka adana ƙwayayensu kafin shan maganin daji, waɗanda ba su da sauran abin da za a sake cira.

Darasi na uku ya fi ƙona mini rai. A 2020, a cibiyar haihuwa ta Jami'ar Yale, wata ma'aikaciyar jinya ta shafe watanni tana satar fentanyl, maganin da ke kashe zafi lokacin cirar ƙwai, tana cika kwalaben da ruwan gishiri. Mata suka yi ta kuka a kan gadon aiki, suna cewa suna jin shigar allurar, aka riƙa ce musu an ba su iyakar abin da ya halatta. Kwalbar da aka ga murfinta ya yi sako-sako ce ta tona asirin. Da an ɗauki kukan mace ɗaya a matsayin shaida, da ba a kai watanni ba.

Yau cibiyoyin dashe sun yawaita a Legas da Abuja da Kano, kuma mai neman haihuwa yakan shiga ne da kunya da bashi, yana ganin tambaya rashin godiya ce. Tarihin nan ya koya mini akasin haka. Mace tana da haƙƙin ta tambayi wane ne ke shaida sunanta, wane ne ke farkawa idan ƙararrawar tanki ta buga da tsakar dare ko an ɗauke wuta, kuma wa za ta kai wa ƙara idan ta ce tana jin zafi aka share ta.

Dashen farko bai kama wa Yaya ba. Da muka koma karo na biyu, ma'aikaciyar ta ɗaga kwanon ta karanta sunan, abokiyar aikinta ta maimaita. Sai na ji Yaya daga kan gado ta ce, "Don Allah, 'yar'uwa, ku sake karantawa in ji."