Basasa

basasa (suna, mace). Yaƙin cikin gida, wanda 'yan ƙasa ɗaya ko zuriya ɗaya ke yi da juna, galibi a kan gadon sarauta da ƙasar da ke ƙarƙashinta. Akan ce yaƙin basasa. Misali: *Dattawan Dabai sun sasanta rigimar tun ba ta zama basasa ba.*

A tarihin ƙasar Hausa, in an ce Basasa kawai, ta Kano ake nufi, daga 1893 zuwa 1895. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya ba ɗan marigayin, Tukur, sarautar, saboda jaruntar da ya nuna a yaƙin Argungu, garin da ke Jihar Kebbi a yau. 'Ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ba su yarda ba. Ɗayansu, Yusufu, ya fita da jama'arsa zuwa Takai, aka kira su Yusufawa, magoya bayan sarki kuwa Tukurawa. Yusufu ya rasu ana cikin yaƙin, ƙaninsa Aliyu Babba ya karɓi ragama, ya shiga Kano a 1894. An kashe Tukur a 1895. Abin takaici, jikokin Sarki Ibrahim Dabo ne suka zare wa juna takobi, talakawan ƙauyuka suka sha wahalar.