Kuɗi da 'Yan Kaya a Yaƙin Turawa da Daular Sakkwato, 1897-1906

Gabatarwa

Duk wanda ya karanta tarihin zuwan Turawa ƙasar Hausa ya san labarin bindiga mai ruwa. Ita a ke ambata a aji, ita kuma tsofaffi su kan kawo idan an tambaye su dalilin da ya sa birnin Kano, mai ganuwar da aka yi ƙarnuka ana ginawa, ya faɗi cikin hantsi ɗaya. Ba a musun aikin da ta yi. To, amma bindiga ba ta da ƙafa. Sai an sami mai ɗauko ta daga bakin Kwara, da mai ɗauko harsashinta, da mai ciyar da su, da kuma wanda zai biya su duka a ƙarshen wata. Manufar wannan maƙala ita ce a dubi wannan ɓangare na yaƙin, watau sha'anin kuɗi da ma'aikata da jigilar kaya, a kuma nuna cewa ƙarancinsu ne ya tsara yadda aka yi yaƙin, ya kuma tsara irin mulkin da ya biyo baya.

Asalin rundunar da mai ɗaukar nauyinta

Rundunar da ta ci Kano da Sakkwato ba domin su aka kafa ta ba. A cikin 1897 Joseph Chamberlain, Sakataren Ƙasashen Mallaka na Ingila, ya ga Faransawa suna kutsowa ƙasar Borgu, Kamfanin Neja kuwa ba shi da ƙarfin tare su. Sai ya sa Lugga ya haɗa Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma, wadda Turawa ke taƙaita sunanta da WAFF, bataliya biyu, da kuɗin Baitulmalin Ingila. Da aka sasanta da Faransa ran 14 ga Yuni 1898, runduna ta rage a hannu, tana cin albashi ba abokin gaba. Ran 1 ga Janairu 1900 gwamnati ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin, bayan an yanke masa diyyar fam 865,000, aka kuma zuba yawancin sojojinsa cikin sabuwar rundunar.

A nan wahalar Lugga ta fara. Nijeriya ta Arewa ba ta da bakin teku, saboda haka ba ta da kuɗin kwastan, wanda shi ne jigon kuɗin shiga na ƙasashen mallaka a wancan zamani. Ba a kuma yarda a shigo da barasar Turai cikinta ba, alhali harajin barasa ne ke cika asusun Ikko da na Kudu. A shekarar kuɗi ta 1901-02 abin da gwamnatin Lugga ta tara a cikin gida bai kai fam 5,000 ba. Sauran duk agaji ne daga Landan, da ɗan abin da Kudu ke bayarwa. Agajin nan ya yi ta hawa har ya kai fam 405,000 a 1903-04, kuma kaso mafi tsoka na kashewa soja ke cinye shi. Ga shi kuwa daga 1899 zuwa 1902 Ingila na fama da yaƙin Afirka ta Kudu, wanda ya lashe dukiya da hafsoshi. Ke nan duk fitar da Lugga zai yi, sai ta kasance gajera, mai araha, wadda kuma ba za a ji labarin asara a cikinta ba. Wannan na cikin abin da ya sa bai fito fili ya gaya wa ofishinsu na Landan shirinsa na tasar wa Kano ba. A watan Disamba 1902, lokacin Chamberlain na Afirka ta Kudu, manyan ofishin sun fara tsintar labarin ne a jaridu.

Su wane ne sojojin?

Hafsoshi Turawa aro a ke yi daga rundunonin Ingila na ɗan lokaci, zazzaɓin cizon sauro kuwa, da wanda ke baƙanta fitsari, kullum suna rage yawansu. Saboda ƙarancin ma'aikata, da yawa daga cikin razdan-razdan na farko sojoji ne aka ba aikin mulki: Manjo Burdon, da Kyaftin Abadie na Zariya wanda Hausawa suka laƙaba wa Maijimina, da Kyaftin Moloney da Magajin Kafi Ɗan Yamusa ya kashe a watan Oktoba 1902. Razdan na farko a Kano, Cargill, shi kuma likita ne.

Kuratan kuwa 'yan ƙasa ne, akasari Hausawa da Yarabawa, daga baya aka ƙara da Nufawa da Barebari da sauransu. Wajibi ne a yi hattara da kalmar “Hausawa” a takardun Turawa, domin tun zamanin 'yan sandan Glover na Ikko a 1863 su kan kira kusan duk ɗan Arewa mai jin Hausa da wannan suna. Da yawansu bayi ne da suka gudu, ko waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu, wasu kuma 'yan ci-rani ne da fatauci ya karye musu a hanya. Irin wannan mutum ba shi da gona ko ubangida da zai koma wa, abin da ya riƙe shi kawai albashi ne na azurfa da ke zuwa a kan kari. Ga masu nazarin harshe, a nan ne Hausa ta zama harshen bariki, har aka sami nau'in da a ke kira Barikanci, daga nan kuma muka gaji kalmomi irin su soja, da kofur, da saje, da samanja, da bariki ita kanta.

Rundunar ba ta Arewa kaɗai ba ce, wannan kuwa ya sha tsayar da Lugga. A 1900 Kanar Willcocks ya kwashi mutum wajen 1,200 zuwa Kumasi don yaƙin Asante, Lugga bai iya taɓa Kwantagora da Bida ba sai da suka komo a farkon 1901. A ƙarshen wannan shekara aka sake aron wasu don yaƙin Aro a Kudu.

'Yan kaya

Daga teku zuwa Lakwaja da Jabba jirgin ruwa ne ke kawo kaya, idan ruwa ya cika kuma a kan bi kogin Kaduna. Domin a matso kusa da Zariya da Kano ne Lugga ya mai da hedkwatarsa Dungurum, watau Zungeru, a 1902, ya kuma shimfiɗa ɗan gajeren dogo daga Barijuko a bakin kogi. Daga Dungurum zuwa arewa kuwa babu jirgi, babu keken shanu, ƙudan tsando kuma na kashe dabbobi a yankin kogi. Abin da ya rage shi ne kan ɗan Adam.

Ma'aunin kayan ɗan alaro laba 60 ne. Akwatin harsashi, da tantin hafsa, da gadonsa, da abincinsa na gwangwani, da akwatin magani, duk a kan gammo suka je Kano. Igwa ma kwance ta a ke yi gunduwa-gunduwa, mai nauyi a rataya ta mutum da yawa su ɗauka. Mai karatu na iya yin lissafin da kansa. A ce ɗan kaya na cin laba 2 na hatsi a yini, to in abinci kaɗai ya ɗauko, cikin kwana 30 zai cinye kayansa, in kuwa zai koma inda ya fito, tafiyar kwana 15 ce iyakarsa, bai kuma ciyar da kowa ba sai kansa. Saboda haka babu yadda runduna za ta ɗauki abincinta. Dole ta ci daga garuruwan da ta bi, ko da saye ko da ƙwace. Shi ya sa a ke fita da rani bayan an kai amfanin gona rumbu, shi ya sa kuma a ke son runduna ƙarama.

Sayen ma da wuyarsa. Kuɗin kasuwa a lokacin wuri ne, keso ɗaya na wuri 20,000 kuwa kayan mutum guda ne cur, darajarsa kuma ta bambanta daga gari zuwa gari. Ba mai iya biyan runduna da shi ba tare da ya ɗauki wata rundunar ta masu ɗaukar kuɗi ba. Sai aka biya da sule da sisi da taro, sojoji da 'yan kaya suka kai su kasuwa, su ne kuma suka fara yaɗa kuɗin Turawa a ƙasar Hausa tun kafin a ce a biya haraji da su. Amma kada a ɗauka kowane buhun gero an biya shi. Rahotannin Lugga da kansa suna kuka da ƙwacen da sojoji da 'yan kaya ke yi a ƙauyuka, da kuma mutanen da kan sa jar dara su ce gwamnati ce ta aiko su, har sai da aka yi doka a kan haka. Ga alama daga irin wannan ne kalmar “sojan gona” ta samo asali.

Daga Zariya zuwa Sakkwato

Ran 29 ga Janairu 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da hafsoshi 24, da kurata 722, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4, ga ayarin 'yan kaya a baya. Ya fasa Bebeji a hanya, ran 3 ga Fabrairu ya shiga Kano. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da dawakinsa tun farkon Janairu. Tafiyar duka kwana shida ce, abin da guzuri zai iya ɗauka, kuma Kano gari ne mai cike da hatsi. Cin Kano ya ba rundunar rumbun da ta ke bukata kafin ta doshi yamma.

Zangon da ya biyo baya shi ne mai wuya. Ruwa ya yi ƙaranci, ga sanyin hunturu, ciwon haƙarƙari ya kama sojoji da 'yan kaya waɗanda ba su da tufafin kirki. A kusa da Kwatarkwashi, a ƙarshen Fabrairu, sojan doki kamar 45 a ƙarƙashin Wright da Wells suka gamu da rundunar Wazirin Kano Ahmadu, aka kashe Waziri. Ran 15 ga Maris aka gwabza a wajen birnin Sakkwato. Rahoton Turawa ya ce mutum ɗaya suka rasa a ranar, shi ma ɗan kaya ne. Wannan bawan Allah, a ganina, ya fi cancanta a tuna da shi cikin tarihin yaƙin bisa ga wasu hafsoshin da aka cika littattafai da sunayensu.

Yana da kyau a kwatanta da tsarin ɗaya ɓangaren. Sarakunan daula ba su da runduna mai albashi sai bayin sarki da 'yan bindigarsu. In yaƙi ya taso, sarki ya aika wa hakimai, kowa ya zo da barorinsa da dawakinsa, talaka ya zo da bakansa da guzurinsa, ladan kuwa ganima ce bayan an fid da humusi. Tsari ne da ya dace da hari na 'yan makonni, amma ba zai riƙe dubban mutane da dawaki a sansani ɗaya wata da watanni ba. Ba kuma asusu ɗaya da zai kai rundunar wata masarauta ta tsare wata. Don haka Bida da Kwantagora da Yola da Bauci da Kano kowace ta tari Turawa ita kaɗai. Jaruntaka ba ta yi ƙaranci ba, Burmi shaida ce: an kori Kyaftin Sword daga bakin ganuwarta a watan Mayu 1903, sai da aka tattaro ƙarin sojoji da harsashi kafin a ci garin ran 27 ga Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada, Manjo Marsh kuma ya mutu.

Wa zai biya?

Da aka gama ci, sai tambayar riƙo ta taso. Lugga ba shi da kuɗin ɗaukar Turawa da za su zauna a kowace gunduma, ba shi kuma da sojan da zai girke a kowane birni. Abin da daga baya aka ɗaukaka, aka kira mulki ta hannun sarakuna, tun farko larura ce ta mai ƙaramin aljihu. Aka sa kuɗin fito a kan fatake, kashi 5 cikin 100 a kowane lardi har zuwa kashi 15, wanda ya dami 'yan kasuwa har aka soke shi a 1907. Aka haɗe kuɗin ƙasa da zakka da sauran kuɗaɗen gargajiya aka mai da su haraji, aka riƙe jangali, dokar 1906 ta tabbatar da rabon abin da aka tara tsakanin gwamnati da sarakuna. Daga nan baitulmalin En'e ya tsiro, wanda Palmer ya fara gwadawa a Katsina.

Yadda igiyar ta yi siriri ya fito fili a Satiru. A farkon 1906 an tura yawancin sojojin da ke hannu ƙasar Tibi bayan rikicin Abinsi. Ran 14 ga Fabrairu mutanen Satiru, tafiyar 'yan mil daga Sakkwato, suka karya kamfanin sojan doki, suka kashe Turawa uku, Hillary da Scott da Blackwood, da kurata 25, suka kuma kama bindiga mai ruwa. Kusan wata guda aka yi kafin a haɗo runduna ta iso da ƙafa. Cikin wannan tsakani abin da ya tsare Turawan da suka rage shi ne tsayawar Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu da manyansa a bayansu. Ran 10 ga Maris aka shafe Satiru, aka kashe mutum wajen 2,000. Rashin imanin da aka nuna a ranar ba ya rasa nasaba da tsoron mai mulkin da ya san ba shi da sojan da zai tari tawaye biyu a lokaci ɗaya.

Lugga ya bar Arewa a wannan shekara. Magajinsa, Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ne, aikin da aka sa a gabansa kuwa shi ne dogo daga Baro, wanda ya isa Kano a 1911, ya rage dogaro da kan 'yan alaro a babbar hanya. Giɓin kuɗi kuwa bai rufu ba sai da aka haɗe Arewa da Kudu ran 1 ga Janairu 1914, kuɗin kwastan na bakin teku ya ɗauki nauyin da Baitulmalin Ingila ya gaji da ɗauka.