Awon jinin BNP: yadda ake gane zuciya ta gaji

Jama'a masu saurarenmu na Matameye da kewaye, da ƴan uwa da ke ci-rani, sau nawa muke jin an ce wane ƙafafunsa sun kumbura, numfashi na yi masa wuya, sai a ce sanyi ne ko asma? Wani lokaci zuciya ce ta gaji. Akwai awon jini da ke taimaka wa likita ya bambance, ana ce masa BNP.

Mene ne BNP?

Wani sinadari ne da zuciya ke saki cikin jini idan aiki ya yi mata yawa, bangonta ya miƙe. Aikinsa shi ne ya sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwa ta fitsari, jijiyoyin jini su saki, zuciya ta samu sauƙi. Masana a Japan ne suka gano shi a 1988. Yana da ɗan uwa mai suna NT-proBNP, shi ma ana auna shi. Jini kaɗan ake ɗiba a hannu.

Me sakamakon ke nufi?

Idan aka kawo mutum yana haki, aka samu BNP ɗinsa bai kai pikogram 100 a kowane mililita ba, da wuya a ce gazawar zuciya ce, sai likita ya duba huhu ko ƙarancin jini. Idan kuwa ya haura sosai, to zuciya na cikin wahala. Yana kuma nuna inda ciwo ya dosa: wanda nasa ya sauka bayan shan magani, alamar sauƙi ce, wanda nasa ya ƙi sauka, sai an ƙara sa masa ido.

Amma fa awon ba ya faɗin abin da ya gajiyar da zuciyar. Tsufa da ciwon ƙoda kan ɗaga shi, ƙiba kuma kan rage shi. Shi ya sa ake haɗa shi da hoton zuciya.

Ƙwayoyin cuta masu taɓa zuciya

Inda aka fi gwada wannan awo a kan irin waɗannan cututtuka shi ne Kudancin Amurka, saboda cutar Chagas. Wani likitan Brazil, Carlos Chagas, ya gano ta a 1909. Wani ƙwaro mai shan jini da dare ke yaɗa ta. Mutum kan yi shekaru lafiya lau, daga baya zuciya ta buɗe ta yi rauni. Kusan mutum 3 cikin 10 na masu ita ke samun haka. An lura cewa waɗanda BNP ɗinsu ya yi sama sun fi shiga haɗari.

Wannan ƙwaro ba namu ba ne. Tamu ita ce tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tabki da na fadama inda katantanwa ke zama. Masu garka da masu noman rake a kwarin Korama, da yara masu wanka a tabki bayan damina, su ne a bakin haɗari. Irin da muka fi sani ita ce ta fitsarin jini. Akwai kuma ta hanji da hanta, wadda ta fi kai wa ga zuciya: idan ta daɗe ba magani, ƙwayayen tsutsar kan toshe ƙananan jijiyoyin huhu, ɓangaren dama na zuciya ya yi ta turi har ya gaji, BNP ya tashi. Maganin tsargiya shi ne praziquantel, wanda ake raba wa yara a makarantu. Kada a hana su sha.

Masu jego fa?

A ƙasar Hausa, gazawar zuciya bayan haihuwa ba baƙuwa ba ce. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yawanta, suka danganta ta da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego. Ita ma BNP kan tashi a cikinta. Mai jego da ta kasa kwanciya sai a jingine, ko tari ya hana ta barci, kada a jira a gama arba'in.

Me ya kamata a yi?

Alamomin su ne kumburin ƙafafu ko ciki, haki bayan ɗan aiki kaɗan, bugun zuciya da sauri, da gajiya marar dalili. Wanda ya ga haka ya fara zuwa CSI mafi kusa ko asibitin Matameye. Likita ne ke rubuta awon BNP, shi zai faɗi ko sai an je Damagaram. A gaya masa idan an taɓa yin fitsarin jini ko ana aiki cikin ruwa.

Ku kuma ƴan uwa da ke aiko da kuɗi daga Kano, Agadas ko Aljeriya, ku tambaya: an yi awo kuwa? Kuɗin mota da na awo sun fi amfani a kan ƙwayoyin ƴan tebur. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.